Takardun Malam Bawa da Na Ƙi Karɓa

Albarika, Parakou

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Djougou lafiya, kin kuma sami masauki yadda aka yi miki alkawari. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, ya raba ki da sharrin hanya da na baki. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Labarin gida na bar wa waya. Wannan takarda don wani abu ce dabam, wanda na so in faɗa miki a tasha ranar tafiyarki, sai na ɓige da tambayar direba ko ya ɗaure jakarki da kyau, har mota ta tashi. Kin san halin ubanki. Wannan ma ita ce ta uku da na rubuta. Biyun farko na yaga su, don da na sake karantawa sai na ga wanke kaina nake yi a ciki.

Tun ranar da aka ce ɗan ɗakin karatun nan na bayan kasuwar Djougou za a kai ki, wanda na yi shekara takwas a cikinsa kafin a dawo da ni Parakou, na sauko da kayena daga kan kabad. Kin san su, littattafan da nake rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina kolej. Na bi na shekarun Djougou ɗaya bayan ɗaya don in tsamo miki shawarwarin aiki. Kaɗan na samu. Abin da na yi ta cin karo da shi shi ne wani dattijo mai suna Malam Bawa, yana zuwa wurina shafi bayan shafi, ni kuma ina sallamarsa.

Bari in gaya miki abin da nake so tun yanzu, kada ki yi ta jira. Akwai ragowar wasu tsofaffin takardu nasa a hannun 'yarsa a Bariénou, wani ƙauye kusa da Djougou. Idan ba wanda ya je kafin ruwan bana ya sauka, binne su za a yi. Ni ba za a ba ni su ba, kuma da gaskiyarsu. Ke wataƙila a ba ki. Amma ba zan tura ki ba tare da kin san abin da na yi ba.

Malam Bawa goro yake sayarwa a kan wani ɗan tebur ƙarƙashin mangwaron da ke ƙofar ɗakin karatun. Jikan fatake ne, na waɗanda suka riƙa bin hanyar Gwanja da jakuna suna yada zango a Djougou har suka zauna. Lokacin da na fara aiki ina da shekara ashirin da uku, shi kuwa ya kusa saba'in. Kullum da safe in ina kiciniyar buɗe kwaɗo sai ya ɗago kai, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe Isa, za a buɗe kurkukun?"

"Wane kurkuku kuma, Baba?"

"Na littattafan mana. Jiya na ji suna kuka, sun ce ba mai zuwa duba su."

Sai in yi dariyar yaƙe in shige. A lokacin ina ji da kaina. Na haddace ƙa'idojin wurin kamar karatun salla: ba mai shiga sai da kati, ba a ba da kati sai da hoto biyu da takardar haihuwa, ba magana, ba ci, ba sha. Duk wanda ya leƙo da Faransanci nake tarbarsa, ko da na san a gida Dendi yake yi, ko Yom, ko Hausa irin tamu. Na sha ganin mutum ya taho, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ji yadda na yi masa magana, sai ya ce ai ɓatan hanya ya yi.

Wata rana da hantsi ruwa ya ɓarke, Malam Bawa ya kwaso farantin goronsa ya fake a barandarmu. Iska tana kaɗo masa ruwa har gwiwa. Ni ina zaune a ciki, kujeru goma sha biyu babu kowa a kansu. Ya leƙo yana kallon kantocin littattafai.

"Duk waɗannan ka karanta su?"

Na ce a'a.

"To su wa suka karanta?"

Ban ce ya shigo ba. Abin da ke raina shi ne ba shi da kati, kuma kada ya tofar da tuƙar goro a kan siminti. A kayena na ranar ga abin da na rubuta: "Ruwa daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Ba mai karatu." Ko sunansa ban sa ba.

Ummi, ƙa'ida tana da amfani, ban ce ki yar da ita ba. Amma kati na aron littafi ne zuwa gida. Zama a kujera ba ya buƙatar hoto biyu. Wanda ya tsaya miki a ƙofa, ki tashi ki gaishe shi da harshen da kika ji a bakinsa, ki ce ya shigo, ko da inuwa kawai ya zo nema. Yawancin mutanen garin nan suna ganin ginin ba nasu ba ne, kuma fuskar da suka fara gani a ƙofa ita ce za ta tabbatar musu ko ta ƙaryata.

A shekarata ta uku aka kawo mana kyautar littattafai kwali shida, sababbi fil, yawanci na yara masu hotuna. Tsarin aiki shi ne ba a ɗora littafi a kanta sai an buga masa hatimi, an ba shi lamba, an shigar da shi babbar rajista. Rajistarmu kuwa ta cika, sabuwa ba ta iso ba. Shef ɗina na lokacin, wato shugabana a wurin aiki, ya ce in sami kowane kaye in fara da shi, in ta zo a kwafe. Na ƙi. Na ce aiki biyu ke nan, kuma ba tsari ba ne. Na jera kwalayen a ƙuryar sito a ƙasa, na rufe. 'Yan lakwal, wato yaran makarantar boko, suka ji labari, suka riƙa zuwa suna tambaya, ina ce musu ba a gama shiri ba. Rajista ta zo bayan wata bakwai, sai kuma na ce bari a wuce lokacin jarrabawa tukuna.

Ranar da na buɗe sito na ɗaga kwali na farko, gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye huɗu, ta bar mana bango kawai. Da nake fitar da su waje a baro, Malam Bawa ya taso ya duba, ya ɗauki wani bango mai hoton giwa ya juya shi.

"Ikon Allah. Mushe, ashe gara tana da kati?"

Masu zem, wato 'yan acaɓa, da ke jiran fasinja a gindin bishiyar suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na yi kwana uku ban gaishe shi ba. Shi ya fara yi mini magana, ya miƙo mini farin goro ya ce, "Karɓi, yaro. Fushin ya isa."

Littafin da yara suka yaga da karatu ya yi aikinsa. Ki bar su su taɓa, su tsufar da shi, ki sayi gam ki liƙe. In abu ya zo hannunki yau, ki fitar da shi yau, ko da a bayan ambulan za ki fara rubuta lambarsa. Ni na yi tsammanin tsanaki nake yi. Da na sake karanta kayen sai na ga tsoro ne, tsoron kada a ce Isa ya yi abu ba bisa layi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ki da doguwar takarda ba.

A shekarata ta bakwai, wata Alhamis da safe, Malam Bawa ya shigo ɗakin karatun, karo na farko tun da na san shi. Ya tuɓe takalmansa a ƙofa kamar mai shiga masallaci. Yana rungume da wata tsohuwar gafaka ta fata. Ya ɗora a teburina ya kwance, sai ga takardu jajaye don tsufa, wasu an ɗaure su da zare, duk da rubutun ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci.

Ya ce na kakansa ne, wanda shi ne marubucin madugu a tafiye-tafiyen Gwanja. Akwai wasiƙun da aka aiko gida daga hanya, da sunayen zanguna, da inda ake samun ruwa da rani, da sunayen masu masauki, da waɗanda suka rasu a hanya da inda aka binne su. Har da maganin gyambon bayan jaki. Ya zaro ɗaya ya nisanta ta da idonsa ya karanta mini: sun sauka a bakin kogi, jakuna biyu sun mutu, Tanko ya warke daga zazzaɓi, kuma a gaya wa Inna kada ta kuskura ta yanka jar akuyar nan kafin su dawo. Ya yi dariya har da ƙwalla.

"Ka ji mutanen da. Yana wata duniya, hankalinsa na kan akuya."

Sannan ya ce, "Ɗakina yana yoyo, Mushe. 'Ya'yana maza lakwal suka yi, ba mai karanta wannan a cikinsu. Na ga nan ne gidan takardu a garin nan. Ka ajiye su, duk mai so ya zo ya gani."

Na jawo babbar rajistar nan, wadda na bar gara ta ci kwali huɗu saboda ita. Tana da gurbin sunan marubuci, da sunan littafi, da maɗaba'a, da shekara. Na tambaye shi sunan littafin. Ya ce ai ba littafi ba ne. Na ce wace shekara. Ya ce zamanin kakansa. Na rufe rajista na ce masa ba su da gurbi, amma zan tambayi shef, ya dawo Alhamis mai zuwa.

Ya dawo. Na ce shef ya yi tafiya, kuma gaskiya ne. Ya sake dawowa, na ce an rubuta wa na sama ana jiran amsa. Wannan ba gaskiya ba ne. Na dai tsara wasiƙar, tana nan a cikin kayena har yau, ban taɓa aika ta ba. Haka ya riƙa zuwa da gafakarsa, yana tuɓe takalmi, ina cewa Alhamis. A zuwansa na ƙarshe bai ma kwance gafakar ba. Ya tsaya ya dube ni, babu wasan da ya saba.

"Mushe, in ba ka so, ka ce ba ka so. Ni tsoho ne, ba na jin kunyar a ce mini a'a."

Na ce, "Haba Baba, ba haka ba ne. Tsari ne."

Ya ce, "To, Allah ya ba tsari lafiya." Ya sa takalmansa ya fita.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa rajista ce ta hana. Ummi, ba ita ba ce. Dalili biyu ne, kuma duka nawa ne. Na farko, ban iya karanta takardun ba. Na yi makarantar allo ina yaro, ina karanta Alƙur'ani, amma rubutun hannu na ajami ya fi ƙarfina. Ni da ake kira Mushe, mai gadin ilimin gari, ga mai goro yana karanta abin da nake kallo kamar sawun kaji. Da na karɓa, da dole in zauna a gabansa ya koya mini, a kan idon 'yan lakwal. Na biyu, na ji tsoron abokan aiki su ce Bahaushen nan ya mai da ɗakin karatun gwamnati zauren malamai. Ba wanda ya taɓa faɗin haka. Ni na faɗa wa kaina a madadinsu, na kuma yi musu biyayya.

Za a kawo miki abin da ba ki sani ba, wannan babu makawa. Ki ce, "Ban iya ba, koya mini." Ba a kori kowa daga aiki don wannan magana ba. Kuma in za ki ƙi abu, ki ƙi shi a fili tun ranar farko, don mai shi ya san inda zai nufa. Da na ce masa a'a tun farko, wataƙila da ya kai wa wani malami ko wani ɗan jami'a. Ni na riƙe shi da alkawari har ƙarfinsa ya ƙare.

Shekara ta zagayo aka dawo da ni Parakou. Na je na yi masa sallama, ya sa mini albarka, bai ta da maganar ba, ni ma na ji daɗin da bai tayar ba. Bayan shekara uku na ji rasuwarsa. Na ce zan je ta'aziyya ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zama bayan salla, bayan salla ya zama in na sami hutu. Sai da aka yi shekara biyu na taka gidan.

Babban ɗansa Habu, wanda ke gyaran babura a bakin tasha, ya karɓe ni da mutunci. Bayan addu'a na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambayi gafakar.

Ya ce, "Wayyo, takardun Baba? Ai mun yi musu sutura."

Ban gane ba, sai ya yi mini bayani. Bayan sadakar arba'in sun shiga gyaran ɗakin, suka tarar da gafakar, gefenta ya jiƙe. Suka buɗe suka ga kowace takarda da Bisimilla ta fara, sauran kuwa ba su iya fitar da shi ba. Suka ɗauka addu'o'i ne da asiran kakanni. Kin san yadda muke yi da takarda mai sunan Allah: ba a zubar da ita a bola, ba a barin yara su taka. Sai suka sami farin ƙyalle suka naɗe su, suka haƙa rami a wuri mai tsarki a bayan gida suka binne.

"Mun yi daidai ko, Mushe? Kai ka san takardu."

Damina biyu ta riga ta wuce a kansu. Na ce masa sun yi daidai. Kuma har yau ban ga laifinsu ba, girmamawa suka yi da iyakar saninsu. Mutum ɗaya ne a garin nan wanda aka karanta wa takardun a kunnensa, ya san wasiƙu ne da sunayen mutane da hanyoyi, aka kuma ba shi albashi don ya adana irinsu. A motar dawowa na yi ta ƙoƙarin tuno abin da ya karanta mini. Tanko da jar akuya kawai suka rage.

Na san abin da ƙawayenki suka ce da kika karɓi aikin nan, don na ji wata tana tsokanarki a tsakar gida, wai za ki je gadin kabarin littattafai alhali komai yana cikin waya. Ni ma nan Parakou ina ganin yadda abin ke sauyawa. Masu zuwa yanzu da yawansu wutar caji da wurin zama mai shiru suke nema, kuma ana ta maganar a rage kantoci a sa kwamfutoci. Ban ƙi ba. Ki koyi na'urorin da kyau, ki koya wa duk wanda ya zo, har matan kasuwa masu son a cika musu takarda. Ban san yadda ɗakin karatu zai kasance nan da shekara ashirin ba, kuma duk lokacin da na yi hasashe a kayena kuskure nake yi. Abu ɗaya dai na tabbatar. Abin da ke cikin waya wani ne ya zuba shi, kuma ba wanda zai taso daga wata ƙasa ya zuba labarin fataken Djougou. Mu a zamaninmu mun ɗauka aikinmu shi ne mu miƙa wa mutanen gari abin da aka rubuto daga nesa. Ba wanda ya koya mana cewa su ma suna da abin kawowa, ni kuma da aka kawo mini har tebur ban gane ba. In ɗakin nan zai rayu a hannunku, ina jin ta wannan ƙofar ce.

Yanzu ga maganar Bariénou.

Watan jiya aka yi suna a nan Albarika, gidan maƙwabcinmu mahauci. Ina zaune a zaure aka ce wata baƙuwa daga cikin dangin mai jego tana son ganina. Na tarar da dattijuwa a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura. Ta ƙare mini kallo.

"Kai ne Mushe Isa mai Alhamis?"

Na ce ni ne. Ita ce Azumi, babbar 'yar Malam Bawa, wadda ke aure a Bariénou. Ita ba a sa ta lakwal ba, a gaban ubanta ta tashi, kuma ita kaɗai ce ta koyi ajami a wurinsa. Ta ce kafin rasuwarsa ya ba ta ɗauri ɗaya daga cikin takardun don ta riƙa karantawa, shi ya sa suka tsira. Suna nan cikin wata tsohuwar kwalla a ɗakinta.

"Amma rufina ya mutu," in ji ta. "Bara ruwa ya taɓa su. Jikokina kuma ba sa barin komai, na kama ɗaya zai ƙunsa gyaɗa da wata. Ba zan mutu in bar sunan Allah a hannun yara ba. Kafin ruwa ya sauka zan sa a haƙa musu, ina gani da idona."

Na ce, "Yaya Azumi, don Allah ki ba ni su. Zan adana."

"Babanmu ya kawo maka da ƙafarsa. Sau nawa?"

Na ce sau goma sha ɗaya.

"Au, ashe ka ƙirga."

"Na rubuta ne."

"Ka rubuta zuwansa, ka bar shi ya koma da kayansa." Ta juya ta karɓi ruwa a hannun wata yarinya ta sha, kamar ba ni a wurin.

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce mata 'yata za ta fara aiki a ɗakin karatun nan.

"Tana karanta ajami?"

Na ce a'a.

"Ku dai! Gidan takardu, ba mai karatu." Sannan ta ce, "Ta zo in gan ta. Ban ce zan ba ta ba."

Iyakar abin da muke da shi ke nan, Ummi, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma.

Ki je ranar hutunki ta farko. Ki hau zem daga kasuwa, in kin isa ki tambayi gidan Azumi 'yar mai goro, an san ta. Ki riƙe mata goro da sabulu. Ki kira ta Gwaggo, ki zauna a ƙasa. Da farko na yi tunanin in ce kada ki ambaci sunana da yawa, har na rubuta haka a ɗaya daga takardun da na yaga. Kada ki ɓoye. Ki ce ke 'yar Isa ce, kuma ya gaya miki duk abin da ya yi. In ta faɗi magana mai zafi a kaina, kada ki kare ni.

Kada ki fara da fito da waya, kada kuma ki ce a ba ki. Ki roƙe ta ta karanta miki ɗaya, ki tambaye ta su wane ne mutanen da ke ciki. In ta yarda ki ɗauki muryarta da hoton takardun, to, alhamdu lillahi, ko a nan aka tsaya an tsira da wani abu. In ta ga dama ta ba ki su, ki karɓa a ranar, da alwala, don ta ga kin san darajar abin da ke samansu. Ki sa su a akwatin ƙarfe mai tsabta, nesa da ƙasa da bango. Ki sayi kaye sabo ki ja layukanki da kanki: wa ya kawo, rubutun wa, me ke ciki, wa ya iya karantawa. Ki sanar da shef ɗinki a rubuce bayan kin karɓa, ina kyautata zaton zai yi murna. Kuma ki gaya mata ƙofa a buɗe take gare ta da jikokinta duk ranar da suka so gani.

In kuwa ta ƙi, kada ki yi mata gardama. Takardun ubanta ne. Ki gode mata, ki nemi izinin sake zuwa gaishe ta.

Za ki ga wata 'yar takarda a ninke cikin ambulan ɗin nan. Ba taki ba ce, ta Gwaggo Azumi ce. Tun bayan sunan nan nake zuwa wurin limamin unguwarmu bayan la'asar yana koya mini rubutun ajami. Ranar farko ya yi ta dariya, ya ce shekara ashirin yana ganina da biro a aljihu, ashe rabin malami ne ni. Layi huɗu ne kawai, kuma kwana tara na yi ina rubuta su. Na ce mata na yi wa mahaifinta ƙarya, na ji kunyar in ce ban iya ba, ina neman gafararta, kuma kada ta hukunta ki da laifina. Liman ya so ya gyara mini kurakurai, na ce ya bari. Ki miƙa mata da hannu biyu. In ta ce rubutun ya yi muni, gaskiya ta faɗa. Ki ce ta nuna miki inda na ɓata, ki zauna kusa da ita ki duba da kyau, don daga nan karatunki zai fara.

Allah ya sa ki riski takardun kafin ruwa. Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini abin da na yi masa. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, ya tsare mutuncinki da lafiyarki, ya kai ki Bariénou lafiya ya dawo da ke lafiya, ya sa mutanen Djougou su ji daɗin zamanki a cikinsu. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isa